Guntu na Biyar a Tulun Bijimai

Na dawo Yamai daga karatu da akwati biyu, da takardar digirin dokta, da wani ɗan guntun ƙarfe da bai wuce tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. Kayan akwatunan 'yan uwa suka rabe tun kafin in huta gajiya. Takardar, Inna ta sa aka yi mata gilashi aka rataye a falo. Guntun ƙarfen kuwa babu wanda ya tambaye ni labarinsa.

Bari in faɗi ko mene ne, don in ban faɗa ba za a ɗauka haukata ta fi yadda take. Akwai wani dangin ƙarafa da ake ce wa masu wuyar samu. Ba ƙaranci suka yi a ƙasa ba, raba su da junansu ne wahala. Ɗaya daga cikinsu sunansa disforoziyom. In aka narka shi da wani ƙarfen, kobal, ƙwaya ɗaya tasa ga biyu na kobal, ba cakuɗewa kawai suke yi ba. Kowace ƙwaya tana da mazauninta a jere, kamar saƙar tabarma. Abin da ya fito, a zafin ɗaki, ƙarfe ne mai launin toka da ba ruwansa da kowa. Amma in aka sanyaya shi ƙwarai, sanyin da ya wuce na ƙanƙara nesa ba kusa ba, akwai matakin da yake juyewa ya zama mayen ƙarfe. A daidai wannan matakin kuma wutar lantarki takan samu hanya a cikinsa, turjiyar da yake yi mata ta faɗi kwatsam.

Aikina a can ƙasar sanyi shi ne in riƙa zare kobal kaɗan ina sa alminiyam a madadinsa, in ga yaushe faɗuwar nan ta kwatsam za ta koma gangara a hankali. Guntu biyar na yi da hannuna. Na auna, na narka, na juya na sake narkawa, na bar su makonni a tanda. Biyu masu alminiyam kaɗan sun faɗi kwatsam. Biyu masu yawa sun gangara. Na biyar na yi shi daga baya don ya zauna a tsakiyarsu, shi ne zai nuna ta wane gefe iyakar take. Satin da zan auna shi injin sanyin ya lalace, kafin a gyara kuma lokacin zamana ya ƙare. Malamina ya ce in tafi da shi in ina so, in riƙa tunawa da su. Na rufe shi a kwalba da garin da ke shanye laima na taho.

Aka ɗauke ni koyarwa. Ina son koyarwa, ba ƙarya, amma a ɗakin gwajin da ake ce wa labo ɗinmu babu abin da ya kai randar mai gadi sanyi. Shekara uku kwalbar na zaune a kwabata, a gidanmu na Bukoki, ƙarƙashin zannuwan da ba na ɗaurawa. Duk wanda na yi wa zancen sanyi sai ya dubi gumin goshina ya yi dariya. Abokan aiki suka laƙaba mini Madam Firigo, wato firiji. Yayana mai sayar da kayan gini ya ce, "Ke, a garin da ake soya ƙwai a kan mota kike neman abin da ya fi ƙanƙara sanyi? Ki koma wajen masu hasken rana mana, can ake damawa." Ni ban ce rana ba ta da amfani ba. Amma ban ga dalilin da zai sa, don an haife ni a ƙasa mai zafi, wani ya zaɓar mini tambayoyin da suka halatta in yi ba.

Ana tsakiyar damina sai ga saƙo daga malamina. Mutumin kirki ne, wannan ba zan ɓoye ba, shi ya ba ni rigar sanyin matarsa a hunturuna na farko. Ya ce sun samu sabon inji. In aiko da guntu na biyar, wani ɗalibinsa zai auna shi cikin yini ɗaya, su rubuta takarda. Ya ce kuma ba za su manta da ni ba, za su sa sunana a wajen godiya. Wajen godiya, wato can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, inda ake gode wa wanda ya gyara famfo. Sau uku na karanta, kowane karo raina na ƙara ɓaci. Ni na zaɓi yawan alminiyam ɗin, ni na ƙone yatsa a bakin tanda, tambayar ma tawa ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan, kuma ni ban ga alamar ni kura ce ba.

Na kai maganar wurin shugaban sashenmu, ina tsammanin zai taya ni jin haushi. Ya ce, "Madam, da babu gara ba daɗi. Ga abokin aikinmu nan zai tafi taro can ƙarshen wata, ki ba shi ya kai musu. Mu nan me za mu yi da shi? Ko azot ba mu da shi."

Azot ita ce iskar da ta fi yawa a cikin wadda muke shaƙa. In aka mai da ita ruwa, sanyinsa yakan kai digiri ɗari da casa'in da shida ƙasa da sifiri. Wannan ya ishe ni har da saura, don ƙarfena yana juyewa tun kafin a kai can.

Na ce, "Shef, in na auna shi a nan kafin ƙarshen wata fa?"

Ya ce in na auna shi a Yamai, shi da kansa zai ɗauki jakata ya raka ni har gida. In ban auna ba, in miƙa wa matafiyin ba tare da gardama ba. Na ce na yarda, gara ya fara motsa jiki tun yanzu. Na fito ina taƙama, alhali ban san inda zan samu ko cokali ɗaya na azot ba, kuma saura kwana ashirin.

Wadda ta buɗe mini hanya ba ta taɓa shiga aji ba. Bafulatana ce da ke kawo wa Inna nono daga wajen Tondibiya. Ran nan ina zaune ina cin tuwon da ba na jin ɗanɗanonsa, na ji tana ba Inna labarin saniyarsu da ta haifi jan maraƙi mai kyau ba tare da bijimi ya hau ta ba. Inna ta ce, "A'uzubillahi." Matar ta ce wallahi, wani tsohon likitan dabbobi ne ya zo da tulun ƙarfe, ya buɗe hayaƙi ya fito, ya zaro wani tsinke ya sa wa saniyar. Ta ce mijinta ya kai hannu kusa da bakin tulun, ya ce hayaƙin nan sanyi gare shi. Na tsame hannu daga kwano. Shekara uku ina hangen manyan wurare, ban taɓa tuna irin bijimai da ake ajiyewa a daskare ba, alhali na san da abin da ake daskarar da shi.

Washegari na ɗauki babban tarmus ɗin shayin Inna ban gaya mata ba. Murfinsa na bar shi a kan tire da gangan, don azot ba a rufe shi. Kullum tafasa yake yana komawa iska, in bai samu hanya ba sai ya yi wa kansa. Da kwatancen da matar ta yi mini, taksi ya kai ni har inda direba ya ce ba zai sa motarsa a laka ba, na ƙarasa da ƙafa. Wurin ɗan gida ne na ma'aikatan kiwo, da rumfa, da shanu 'yan kaɗan, kogi na can ƙasa ya yi ja da ruwan damina. Likitan Ba'are ne daga Dogon Dutsi, Kirista, gajere, da ɗan gicciye a wuya da idon wanda ba a yi wa wayo. Fulani yake yi wa aiki, kuma yini suke suna tsokanar juna, shi ya ce bayinsa ne, su su ce ɓarawon nono ne. Na gaishe shi, na yi bayanina da Hausa da Faransanci, har da zane a ƙasa.

Ya ce, "Ɗiyata, duk na ji. Amma abin ga da ke cikin tulun ga ba nawa ba na. Irin bijimai na, wasunsu sun daɗe da mutuwa. In ruwan ga ya ƙahe, sun mutu na biyu, kuma ni na kashe su. Ke kuwa so kike in ɗibar miki ki jiƙa tsakuwa."

Na ce, "Baba, ba ni rabin ludayi kawai. In ba ka ga komai ba, in tafi ba ka ƙara ganina ba."

Ya zuba mini a ɗan akushi, yana ƙunƙuni. Ina da wata 'yar ɓalla da ta fashe daga guntu na farko, wadda na haɗo da ita a kwalbar, da mayen ƙarfen da na ciro daga lasifikar tsohuwar rediyo. Na ɗaura ɓallar a zare na kai ta kusa da mayen, da ƙyar ta ko motsa. Na tsoma ta a akushin, ruwan ya yi ta tafasa har ya lafa. Da na ɗago ta na kai kusa, sai ta yi tsalle ta manne, ƙas! Muka tsaya muna kallo. Fari ya rufe ta, ta fara ɗumama, can sai ta saki da kanta ta faɗo. Tsohon ya miƙo hannu. Ya karɓi zaren ya yi da hannunsa, sau biyu. Sannan ya ce, "Ashe tsakuwar taki sai ta ji wuya take sanin dangi."

Ya cika mini tarmus ɗin. Ya ce wannan ke nan, ba na biyu, don mai kawo musu azot ba zai zo ba sai wata mai kamawa. Da zan tafi ya ce, "Kada ki ruhe shi, kin ji ko?" Na ce, "Haba Baba, ni za ka gaya wa?" Na cusa tsumma sako-sako a bakin, na rungume shi kamar jariri har Bukoki.

Kayan awona suna ɗakina a shirye tun kwana uku. Na manna wa guntu na biyar wayoyi huɗu da suka fi gashi siriri, biyu na shigar da wuta, biyu na gaya mini turjiyarsa. Na kwantar da shi a kan ɗan jan ƙarfe, na ɗaure a ƙarshen sandar gidan sauro. Wutar daga batirin mota ne, don kuran ɗin unguwarmu, wato lantarki, ba ya sallama in zai tafi. Ma'aunin sanyin kuwa wayoyi biyu ne da dole ɗaya bakinsu ya zauna a ruwan ƙanƙara, kuma ƙanƙara ba a sayenta tun da safe a ajiye a Yamai, narkewa take. Na ajiye tarmus ɗin a kusurwar baranda, na ruga gidan maƙwabciyarmu mai firigo. Ita kuma sai da ta gaishe ni, ta tambayi Inna, ta tambayi yayana, ta ba ni labarin ciwon ƙafarta. Ina tsaye da leda biyu na ƙanƙara a hannu muka ji ƙara, kamar an harba bindiga a gidanmu.

Na shiga da gudu. Baranda ta cika da farin hazo, gilashi ya watsu har bakin famfo, tarmus ɗin ya tsage. Inna na tsaye a ƙofar kicin da muciya a hannu, lafiya lau, Allah ya tsare. Ashe tun safe take neman tarmus ɗinta, murfi a hannu. Da ta gan shi a baranda yana hayaƙi, ta cire tsumman ta murɗa murfin da kyau, yadda ta yi shekara arba'in tana yi wa shayi da kunu.

Ta ce, "Na ga zafin yana fita ne, na ce kada ya huce miki."

Ban tambaye ta ko ta ji ciwo ba. Wannan shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ɗaga mata murya, ni da ban taɓa ba. Na ce wa ya aike ta, na ce gidan nan ba a barin mutum ya yi abu ɗaya ya ƙare, na ce ta kashe mini aikin shekara uku. Alhali laifin nawa ne. Ni na ɗauki kayanta ban faɗa ba, ni na ajiye abin da zai iya makantar da ita a inda take wucewa, ban ce mata uffan ba, don a ganina ba za ta gane ba. Abin da nake jin haushin ana yi mini, shi na yi mata. Ta dube ni kawai, ta ɗauko tsintsiya.

Kwana biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Na ba ta haƙuri ta ce ya wuce, amma muryar ba ta ce haka ba. A na uku da safe na fito na tarar ta yi shirin unguwa, da lulluɓinta na zuwa biki, da kwanon alkaki a ɗaure da ƙullin goro a kai. Ta ce, "Ke, tashi ki kai ni wurin mutumin nan. Ke kin je kin yi masa lacca. Roƙo ba haka ake yinsa ba."

Da muka isa ta sa na zauna a bayanta, kamar yarinyar da aka kawo a ba da haƙuri a kanta. Suka gaisa, suka sake gaisawa. Ta tambayi iyalinsa, ya tambayi mutanen Damagaram, garinta, suka gano wani ƙaninsa ya taɓa koyarwa a unguwar da aka haife ta. Sai da aka ci alkaki aka fasa goro sannan ta ce, "Likita, ni na yi ɓarnar, ba ita ba. Yarinyar nan ban san abin da take yi ba, amma na san tun tana ƙarama in ta sa kanta abu ba ta ci ba ta sha. Ana so a karɓe mata aikinta a ba wani. Na zo kamun ƙafa."

Tsohon ya ajiye goron hannunsa. Ya tashi ya ɗauko wata baƙar sanda, ya zura a tulun, ya zaro ya kaɗa ta a iska. Inda ruwan ya kai sai ya yi fari. Ya nuna mana. Ya ce, "Hajiya, kin gani. Ko ludayi ɗaya ba ya hita daga nan, ko ke kika ce." Sai ya ɗora yatsu biyu a ƙasan farin, ya ja layi da alli. "Amma in ɗiyarki ta iya zuwa nan ta yi aikinta a wuyan tulun, bisa ruwan, ba cikinsa ba, na yarda. In farin ya sauko ga layin ga, ko tana tsakiyar mi, sai ta hidda sandarta."

A can inda na yi karatu, maɓalli ake dannawa inji ya kai ka sanyin da kake so. Nan kuwa wuyan tulun shi ne injin. Bakinsa ɗumi, ƙasansa sanyi, tsakaninsu kowane taƙi da nasa matakin. Tsohon ya san wuyan nan fiye da yadda na san kowane inji, don shekarunsa yana zaro tsinkayen iri ba ya bari su wuce inda za su lalace. Shi ya nuna mini inda sanyin ke fara cizo, da yadda zan yanka wa sandata hanya a toshin bakin don kada iska ta shiga.

Muka sa ranar Asabar, saura kwana huɗu matafiyin ya tashi. An kwana ana ruwa, gari ya waye da laima. Muka shimfiɗa tabarma a rumfa, batir a gefe, na'urar awo a kan kujera. Inna ta ce ita ce mai ƙanƙara, ta zauna tana juya ta da cokali yadda na nuna mata, kuma wannan karon na gaya mata dalili. Tsohon ya riƙe agogo. Ni ina saukar da sandar faɗin farce, in jira lambobi su tsaya, in rubuta a kaye, littafin awona, in ƙara saukarwa. Wasu makiyaya biyu da suka zo neman magani suka tsaya kallo. Ɗaya ya tambayi tsohon ko bijiman ne ba su da lafiya. Ya ce masa a'a, hankalin Fulani ake nema a ciki, har yanzu ba a samu ba.

Awa biyu lambobin na sauka a hankali, ba abin da zai sa mutum ya ɗaga kai. Bayana ya ƙage, gumi na ɗiga a kan takarda. Muka wuce digiri ɗari ƙasa da sifiri, muka wuce ɗari da goma. Na fara jin tsoron ko waya ta saki, ko laimar shekara uku ta riga ta cinye shi a kwalba. Na rage taku, rabin farce, rubu'in farce. Sai na rubuta wata lamba, na saukar kaɗan, na duba, na ga ta zube. Ba gangara ba ce, faɗuwa ce kwatsam, tsakanin layi ɗaya da mai bi masa. Na ajiye alƙalami na tsura wa lambar ido. Inna ta ce, "Lafiya?" Na ce, "Inna, ya juya." Ta ce, "To, alhamdu lillahi," ta ci gaba da juya ƙanƙararta.

Na fara ɗago sandar don in ga dawowa. Turjiyar ta yi tsalle ta koma sama, amma ba a inda ta faɗi ba, sai da ya ɗan ƙara ɗumi. Wannan ratar ita ce shaida ta biyu, ita ke nuna juyin na gaske kwatsam ne, ba idona ke yi mini gizo ba. Wato iyakar da nake nema tana gaba da guntu na biyar, ba a bayansa ba, kuma malamina ya daɗe yana zaton akasin haka. Tsohon ya zura baƙar sandarsa. Saura yatsa ɗaya.

A nan ne aka zo wurin zaɓi. Irin wannan ƙarfen, duk lokacin da ya juya, jikinsa kan ɗan kumbura farat ɗaya, kuma gautsi gare shi. Na san kowane ƙetarawa yana iya tsaga shi. In na tsaya a nan, ina da awo ɗaya da guntu lafiyayye, in aika musu su tabbatar a injinsu, su ce sun gode. In na sake, ina da awo biyu da ba mai cewa dace ne, amma wataƙila babu abin da zai rage. Ban daɗe ina tunani ba. Awo ɗaya daga tulun shanu a bakin kogi, na san yadda za a karɓe shi, za a yi murmushi a ce bari mu duba da kanmu. Na sake saukar da sandar.

Ya faɗi a inda ya faɗi da farko. Ya tashi a inda ya tashi da farko. Na rubuta, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Ina cikin ɗagowa, bai kai rabin wuyan ba, lambobin suka haukace, suka yi sama suka yi ƙasa, sannan na'urar ta nuna babu hanya sam. A daidai nan tsohon ya ce, "Ɗiyata, layi." Na fitar da sandar. Laimar damina ta rufe ta da fari nan take. Na jira ta narke, na kwance zaren a hankali a kan farar takarda. Guntun ya rabu uku, sauran kuma gari.

Na yi kuka a wurin, a gaban Inna da tsohon da makiyayan, ban ɓoye ba. Na yi shi da hannuna, na ƙetaro da shi teku, na yi shekara uku ina buɗe kwaba ina duba shi. Inna ta tattara garin da gefen takarda, ba ta bar ko ƙwaya ba, ta naɗe ta miƙo mini. Tsohon ya rufe tulunsa ya sake duba farin sandar. Ya ce bijimansa suna nan da rai, saura ni in ci abinci.

Ran Litinin na shimfiɗa zanen awon a teburin shugaban sashenmu. Ya daɗe yana dubawa, yana bin layin da yatsa. Ya ce, "Madam, wannan da wane inji?" Na gaya masa, ban rage komai ba, har sandar gidan sauron. Ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya miƙe ya ɗauki jakata. Na bar shi ya kai ta bakin titi, don alkawari kaya ne, amma ban bari ya wuce nan ba.

Na zauna kwana biyu na rubuta takardar da kaina. Sunana a farko, na malamina a bayansa, don hakkinsa ne, shi ya koya mini sana'ar. A wajen bayanin kayan aiki na rubuta tulun ajiyar irin bijimai, yadda yake. A wajen godiya na sa likitan dabbobi da mahaifiyata. Na haɗa da kwafin shafukan kayen, da ɗigon gumin da komai. A wasiƙar na gaya wa malamina cewa guntun ya fashe a awo na biyu, kuma na san zai iya fashewa kafin in sake. Na ce duk mai shakka, ga yawan alminiyam ɗin nan a rubuce, ya narka nasa ya jira makonninsa a bakin tanda.

Ran tafiya abokin aikinmu ya biyo ta gida da safe, mota na jiransa a waje. Ya ce, "Madam, ina saƙon?" Na miƙa masa ambulan. Ya latsa shi da yatsu daga sama har ƙasa, ya girgiza a kusa da kunne.

Ya ce, "Ai ba ƙarfe a ciki. In ya tambaye ni fa?"

Na ce, "Ka ce masa an riga an auna."